Galbanaiz, fentin garin tutiya ko red oksaid: wanne za ka sa wa ƙarfenka a Akra?

Duk wanda ya tashi yin get ko ƙarfen taga ko teburin ɗora tankin ruwa a Nima, Mamobi, Fadama, Sabon Zango ko Ashaiman, tambayar farko da masta mai walda zai yi masa ita ce, Alhaji baƙin fayif kake so ko galbanaiz, wato wanda aka lulluɓe da tutiya? In ka ce baƙi sai ya ce to za mu shafa masa red oksaid mu ɗora fenti a kai, shi ke nan magana ta ƙare. Yawancinmu a nan muke tsayawa, mu ɗauki mai sauƙin kuɗi, bayan damina biyu ko uku ƙasan get ya fara kumbura yana ɓarewa, sai a ce mai walda ne ya cuce mu. Wani lokacin laifinsa ne, amma sau da yawa zaɓin ne tun farko bai dace da unguwar ba. Hanyoyin kare ƙarfe da za ka iya samu a garin nan sun kai biyar, huɗu daga ciki kuma tutiya ce ke aikin, bambancin kawai nawa ce a jikin ƙarfen kuma ta wace siffa aka sa ta. Abin da kuɗinka ke saya ke nan, yawan tutiya, launin da ido ke gani ba ya gaya maka komai.

Tutiya, wadda a makaranta ake rubutawa Zn, lamba 30 a jadawalin sinadarai, tana kare ƙarfe ta fuska biyu kuma sai ka gane su biyun kafin sauran bayanin ya zauna maka. Ta farko, in tutiya ta haɗu da iska takan yi wa kanta wata fata, da farko zink oksaid, danshi ya taɓa shi ya koma zink haidroksaid, sannan iskar kabon da ke yawo a sarari ta mayar da shi zink kabonet, wannan shi ne launin toka-toka mara ƙyalli da kake gani a tsohon kwanon rufi. Fatar nan tana manne ƙam, ruwa ba ya wanke ta da sauƙi, shi ya sa tutiya ke ci a hankali ƙwarai. Tsatsar ƙarfe ita kuma kumbura take tana ɓarewa tana buɗe wa ruwa sabon wuri, ba ta taɓa tsayawa.

Fuska ta biyu ita ce abin da babu wani fenti na yau da kullum da zai yi maka. In tutiya na manne da ƙarfe aka sami danshi a tsakani, wata ƴar wutar lantarki ce ke gudana kamar cikin batir, kuma tutiyar ce ke cinyewa ƙarfen ya tsira, don a ma'aunin masana tutiya tana kan -0.76 bolt, ƙarfe kuma -0.44, wanda ya fi ƙasa shi ke fara tafiya. Kamar babban wa ne da ya shiga gaba ya karɓi bulala don kada ta sauka a kan ƙaninsa. Saboda haka ko an karce galbanaiz har ƙarfe ya bayyana, in karcen siriri ne, tutiyar da ke gefe za ta tsare wurin. Gwangwanin madara akasin haka yake, kuza aka shafa masa, ita kuma tana kan -0.14, sama da ƙarfe, shi ya sa da zarar gwangwani ya karce a bola sai ya yi ja cikin ƴan kwanaki. Masu jiragen ruwa na ƙarfe irin na tashar Tema da wannan ilimin suke aiki, suna ɗaura dunƙulen tutiya a jikin jirgi ƙarƙashin ruwa, in ya cinye su canza wani.

To mu fara da red oksaid tunda shi ne kowa ya sani. Babu tutiya a cikinsa ko kaɗan, jan garin nan oksaid ɗin ƙarfe ne, wato dangin tsatsar ce kanta aka kwaɓa da mai. Aikinsa ya rufe ƙarfe ya hana ruwa taɓa shi, in ya huje ko da bakin allura ne tsatsa za ta shiga ta ƙarƙashi ta riƙa tafiya tana ɗaga fentin. Ga gadon ƙarfe, kantar shago, ƙarfen taga da ke cikin baranda ruwa ba ya dukansa, wallahi ya isa, kada wani ya sa ka kashe kuɗi a banza. A waje kuwa a Akra ba na ba kowa shawararsa, musamman yadda ake shafa shi a gareji, an tsinka shi da tina ko fetur har ya zama ruwa-ruwa, an shafa shi a kan ƙarfen da ko burushin waya ba a sa masa ba.

Wanda ya ɗan fi shi shi ne faraima, wato fentin shafin farko, mai zink fosfet, galibi launin toka ne ko da yake akwai ja. Nan ne mutane ke ruɗewa, su ga an rubuta zink a gwangwani su ɗauka galbanaiz suka saya. A'a. Tutiyar da ke cikin zink fosfet ta riga ta haɗe da wani sinadari ta zama gishiri, ba za ta iya cinyewa a madadin ƙarfe ba, abin da take yi shi ne in danshi ya ratsa fentin sai ta narke kaɗan ta kwanta a fuskar ƙarfen ta rage wa tsatsa gudu. Ya fi red oksaid zalla nesa, kuɗinsa bai yi tsanani ba, kuma fentin mai yana zama a kansa lafiya. Shi ne ya maye gurbin jan fenti mai dalma da kuma ruwan ɗorawan nan zink kuromet da aka yi yayi a da, wanda aka gano sinadarin kuromiyom ɗin cikinsa na jawo ciwon daji. In ka ga tsohon ƙarfe mai faraima ruwan ɗorawa kada ka sa yaro ya goge shi da giranda baki buɗe. Ga get a Kumasi, ko Madina, ko Adenta da suka yi nisa da teku, zink fosfet shafi biyu da fenti shafi biyu a kai zaɓi ne mai kyau, da sharaɗin duk bayan ƴan shekaru za a duba a sabunta.

Na uku shi ne wanda na fi so mu daɗe a kansa, don shi ne mutanenmu suka fi rashin sani kuma shi ne zai fi yi musu amfani: fentin garin tutiya, wasu masu shago na ce masa kol galbanaiz. Wannan tutiya ce tsantsa, ƙarfenta, aka mayar gari mai laushi sosai aka zuba a ɗan abin da zai riƙe shi, ifoksi ko silikat. Yadda ake yin garin ma abin sha'awa ne, tutiya na tafasa a digiri 907, sai a bar tururinta ya huce inda babu iska ya sauko ƙanana-ƙananan ƙwayoyi masu launin toka mai shuɗi-shuɗi. Sharaɗin aikinsa shi ne ƙwayoyin nan su yi yawa har su riƙa taɓa juna suna taɓa ƙarfen, don wutar da na faɗa ta sami hanya. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta fentin kare ƙarfe, ISO 12944, ta ce sai tutiya ta kai kashi 80 cikin 100 na nauyin busasshen fentin kafin a kira shi mai wadatar tutiya, masu kyau da ake gyaran galbanaiz da su suna haura kashi 90.

Hanyar gane na gaskiya tun a shago ita ce ka ɗaga gwangwanin. Tutiya ta ninka ruwa nauyi sau 7, don haka lita ɗaya ta wannan fenti takan haura kilo 2, ta kusa ninka fentin mai na yau da kullum, hannunka zai gaya maka tun kafin ka karanta rubutun. In ka buɗe za ka ga ruwa-ruwa a sama, ka sa sanda ka ji ta tsaya a kan wani abu mai tauri a ƙasa, sai ka danna da ƙarfi ka ɗago sannan ka ga laka mai launin toka tana bin sandar, ita ce tutiyar, ita ka biya wa kuɗi. Yaron gareji in ba a tsaya a kansa ba zai juya sau biyu ya shafa ruwan sama, ya bar rabin garin a gindin gwangwani a jefar. Sai an juya har ƙasan ya tashi duka, kuma ana shafawa ana juyawa don cikin ƴan mintuna ya sake kwanciya. In ya bushe ba ya ƙyalli, toka-toka yake, kuma wannan ne ke sa masu gida ƙin sa su ce a kawo feshin silba mai walƙiya. Feshin silba ɗin nan mai araha yawanci garin alminiyom ne kaɗan a cikin mai, ado ne kawai, gwangwaninsa ma ba nauyi.

Amma fa yana da sharuɗɗa, in aka karya su kuɗi sun tafi. Dole ya hau kan ƙarfe tsirara, a goge da giranda ko samfefa har ya yi fari, babu tsatsa, babu mai, babu baƙar fatar nan da sabon ƙarfe ke zuwa da ita daga masana'anta. In ka shafa shi a kan red oksaid ka raba tutiya da ƙarfe, babu abin da zai yi. Kuma kada a ɗora masa fentin mai irin na galan da muka saba kai tsaye, don man da ke ciki na haɗuwa da tutiya ya zama wani irin sabulu a tsakani, bayan wata ƴan kaɗan sai ka ga fentin na saluɓewa falle-falle. Wannan dalilin ne ma ya sa in aka fenti sabon kwanon galbanaiz da fentin mai yake ɓarewa. Abin da ke zama a kansa ifoksi ne, ko akrilik, ko a sa wani faraima na musamman a tsakani, ka tambayi mai shago wanda aka rubuta ana sa shi kan galbanaiz.

Na ji masu cewa ai sai mutum ya sayi garin tutiya a buhu ya zuba a fentin mai ya haɗa nasa. Ɗan uwa kada ka yi. Garin na haɗuwa da ɗan tsamin da ke cikin man da kuma danshi, ya fitar da iskar haidrojin, gwangwani ya kumbura, fentin ya daskare. Shi kansa garin ajiyarsa sai da kula, in ya jiƙe yana zafi yana fitar da haidrojin mai kama wuta, ƙurarsa in ta tashi a rufaffen ɗaki tartsatsin walda ya same ta tana iya fashewa, in kuma ya kama wuta ba a watsa masa ruwa, busasshen yashi ake zubawa. Wasu manyan kamfanonin zinariya suna amfani da shi wajen fitar da zinariya daga ruwan sayanaid, amma su da ɗakunan ajiya da ma'aikatan da aka horar suke yi. Shago a tsakiyar Nima da mutane ke kwana a bayansa ba wurin ajiye buhun garin tutiya ba ne.

Na huɗu shi ne fayif ɗin galbanaiz da ake sayarwa a kasuwa, wanda aka riga aka yi wa tutiya tun a masana'anta. Yana da kyau, ciki da waje duk a rufe, kuma wannan babban abu ne don fayif yawanci daga ciki yake fara ruɓewa inda burushi ba ya kaiwa. Sai dai tutiyar jikinsa siririya ce, maikron 20 ko ƙasa da haka, maikron kuwa shi ne milimita ɗaya a raba gida 1000. Matsalarsa babba tana wurin walda. Ƙarfe sai ya kai kusan digiri 1500 yake narkewa, tutiya kuwa tun a 420 ta narke, a 907 ta tashi ta bi iska, saboda haka duk inda sandar walda ta taɓa tutiyar wurin ta ƙone. Je ka duba get ɗin galbanaiz da ya shekara biyu a waje, jikin fayif ɗin fes, amma kowace mahaɗa ta yi zobe ja, wani jan ruwa na gangarowa daga kusurwa yana ɓata siminti. Maganinsa ba tsada, a kakkaɓe ƙwanson walda, a goge wurin ya yi fari, a shafa fentin garin tutiya shafi biyu ko uku a ranar, kada a bari ya kwana. Ƙaramin gwangwani ɗaya zai gama mahaɗan get duka. A ganina wannan haɗin, fayif ɗin galbanaiz da fentin garin tutiya a mahaɗa, shi ne ya fi dacewa da yawancin gidajenmu na Zango, aljihu zai iya ɗauka kuma aikin zai daɗe.

Tunda an zo kan walda bari in yi magana da ƙannenmu masu koyon aiki. Farin hayaƙin nan da ke tashi in ana waldar galbanaiz, da farin garin da ke kwanciya a gefen walda, zink oksaid ne. In ka kula wurin yakan yi ruwan ɗorawa yana da zafi, in ya huce ya koma fari, halin zink oksaid ke nan. Wanda ya shaƙe shi da yawa sai bayan wasu sa'o'i, galibi da dare, ya ji zazzaɓi, rawar sanyi, ciwon jiki, ƙishirwa da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ya ɗauka maleriya ce ya je ya sayi magani. Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa biyu yake sauka, amma in numfashi ya yi wuya asibiti za a tafi. Madarar gwangwani da masta ke saya wa yara ba ta hana shi, hayaƙin huhu yake shiga madarar kuma ciki take tafiya. Abin da ke hanawa a goge tutiyar daga inda za a yi walda kamar faɗin yatsu biyu zuwa uku kowane gefe, a yi aikin a fili, a tsaya ta inda iska ke kwashe hayaƙin, a sa abin rufe hanci na gaske. Iyayen gida na garejin Kokompe a Akra da Suwame Magazin a Kumasi, don Allah ku riƙa gaya musu.

Na biyar shi ne sarkinsu, tsomawa cikin narkakkiyar tutiya bayan an gama ƙera abin. A gama walda tukuna, a kai masana'anta, su wanke maiƙo, su tsoma a asid ya cinye tsatsa, su tsoma a ruwan zink amoniyom kuloraid don tutiya ta kama, sannan su nutsa shi gaba ɗaya a kwamin tutiya mai zafin digiri 450 ko kusa da haka. A wannan zafin tutiya na shiga jikin ƙarfen su haɗe, ba shafe ba ne da za a ɓare. Wani Bafaranshe Stanislas Sorel ne ya yi rajistar hanyar a 1837, har yau kuma ita ake yi wa turakun fitilun titi da ƙarafunan wutar lantarki. Ƙa'idar ISO 1461 ta ce ƙarfen da ya wuce milimita 6 kauri ya sami maikron 85, mai milimita 3 zuwa 6 ya sami 70, mai 1.5 zuwa 3 ya sami 55, wato ninki uku ko huɗu na fayif ɗin kasuwa, kuma mahaɗan walda duk a rufe.

Ga lissafin da ya kamata mai gida ya yi. Masana sun kasa wurare aji-aji gwargwadon yadda iskarsu ke cin ƙarfe. A ajin C3, irin cikin gari da ba gishiri sosai, tutiya na raguwa maikron 0.7 zuwa 2.1 a shekara. A C4 2.1 zuwa 4.2. A C5, irin bakin teku mai gishiri, 4.2 zuwa 8.4. To raba da kanka. Maikron 85 a bakin teku shekara 10 zuwa 20 ke nan ba tare da fenti ba, maikron 20 kuwa a wuri ɗaya shekara 2 da rabi zuwa 5. Wannan maikron 20 ɗin a cikin gari nesa da teku zai kai shekara 10 har ya wuce. Shi ya sa abin da ya yi wa yayanka aiki a Aboabo ko Asawase a Kumasi ba lallai ya yi maka a Chorkor, Jamestown, Labadi, Teshie, Nungua ko Tema ba. Kumasi ta fi Akra ruwan sama, kusan ninki biyu ma, amma ruwan sama wanke kwano yake yi, iskar teku ita ce ke ɗauko gishiri ta ajiye a jikin ƙarfe, gishirin ya jawo danshi ya hana fatar kabonet ɗin nan zama. Nima da Mamobi suna tsakiya, ba a bakin ruwa suke ba amma iskar na isowa, wanda kuma gidansa ke gefen babbar kwata ya ƙara lissafi da tururin da ke tasowa daga cikinta.

Tsomawa tana da wahalarta. Kuɗinta ya fi, da nauyi ake caji, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, kuma abin sai ya shiga kwamin. Falle siriri na iya lanƙwashewa saboda zafi. Abu mafi muhimmanci, duk fayif da aka toshe bakinsa sai an huda masa ramuka, don iska ko ruwan da ya maƙale a ciki in ya shiga zafin nan fashewa zai yi, masana'anta ma ba za su karɓa ba in babu ramukan. Ka gaya wa mai waldarka tun kafin ya fara yanka. Ga teburin tanki da zai ɗauki lita 2000, wato tan 2 na ruwa a saman tsakar gida inda yara ke wasa, ko matakalar bene ta waje, ko get a unguwar bakin teku, ni ba na ganin akwai wani zaɓi da ya kai wannan, araha ba ta ado a irin wannan wuri. In ka ɗora fentin da ya dace a kan galbanaiz ɗin kuma, su biyun suna daɗewa fiye da a haɗa shekarun kowannensu daban.

Kwanon rufi shi ma maganar ɗaya ce. Galbanaiz na gargajiya ana auna tutiyarsa da giram, Z275 na nufin giram 275 a kowace murabba'in mita fuska biyu, kusan maikron 20 kowace fuska, Z100 kuwa kusan maikron 7 ne kacal, kuma a ido duk ƙyalli ɗaya suke. Aluzink da ya cika gari yanzu haɗi ne, alminiyom kashi 55, tutiya 43.4, silikon 1.6, kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ne ya fito da shi kasuwa a 1972, mai lamba AZ150, wato giram 150 a kowace murabba'in mita fuska biyu, shi ne wanda ake nema. A iskar teku aluzink ya fi galbanaiz daɗewa, wannan ba gardama. Inda yake faɗuwa shi ne ɗanyen siminti, alminiyom ba ya jure shi, don haka kada magini ya dame kwaɓi a kansa ko ya binne bakinsa a cikin filasta, sannan ɗakin kaji ko garken tumaki da raguna, tururin fitsari da kashi na cinye shi da wuri, a nan galbanaiz mai kauri ya fi. Ka tambayi lambar tutiya da kaurin fallen, in mai shago ya kasa nuna maka a rubuce a jikin kwanon ko a takardar kaya ka san inda ka tsaya.

Abu biyu ke kashe rufi mai kyau. Ɗaya ƙusa ko sukuru mai araha, wanda aka yi wa ɗan shafen tutiya da lantarki, maikron 5 zuwa 10, yana ƙyalli kamar azurfa amma shi zai fara tsatsa ya huda kwanon a zagayensa. Ɗayan kuma ajiya. In aka jibge kwano falle kan falle ruwa ya shiga tsakani iska ba ta shiga, fatar kabonet ba ta samuwa, sai farin gari ya fito, farar tsatsa ke nan, tana iya cin tutiyar cikin makonni tun kwano bai hau sama ba. Wanda ya sayi kwano yana jiran kuɗin kafinta ya jingine shi a tsaye a inuwa, da ɗan katako a tsakani.

Sunayen gishirin tutiya suna kama da juna kuma kuskure a nan na iya kisa, don haka Hajiya ke ma wannan ya shafe ki. Zink fosfet na fenti ne. Zink fosfaid kuwa, baƙin garin nan mai warin tafarnuwa, maganin ɓera ne, in ya shiga ciki ya haɗu da tsamin tumbi sai ya fitar da iskar fosfin mai kisa, a nisanta shi da yara da kaji. Zink kuloraid shi ne ruwan da masu gyaran lagireto ke haɗawa, su jefa guntun tutiya a asid yana tafasa yana fitar da haidrojin, su shafa kafin su yi liƙi da dalma, yana ƙona fata kuma in ba a wanke shi daga ƙarfe ba shi da kansa zai jawo tsatsa. Zink oksaid shi ne farin man da ake shafa wa jariri in kunzugu ya ƙona shi, yana cikin kalamin na ƙaiƙayi, masana'antun taya kuma su ne manyan masu sayensa. Zink salfet shi ne ƙwayar da ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miligiram 20 a rana kwana 10 zuwa 14, wanda bai kai wata 6 ba miligiram 10. Na kemis daban, na shagon fenti daban, ba a musanya su.

Tutiya ba ta jure tsami, ba ta jure kanwa mai ƙarfi. Bokitin galbanaiz a ɗebi ruwa da shi ba laifi, amma kada a jiƙa gasarar koko a ciki, ko a zuba soɓo, lamurje ko markaɗen tumatir, tsamin zai narkar da tutiyar cikin abincin ya sa amai da murɗar ciki. Masu tsire da balangu su ma kada su sa ragar galbanaiz a kan garwashi, a nemi baƙin ƙarfe ko silba mara tsatsa.

In mun koma kan get, ko wanne ka zaɓa ka sa ido a kan fayif ɗin ƙasa, shi ke fara mutuwa. Ka ce a ɗaga shi daga ƙasa ko da faɗin yatsu uku ne, a huda ƙananan ramuka a cikinsa ta ƙasa don ruwan da ya shiga ya fita, a toshe kan turakun ta sama, inda turke ya shiga siminti kuma a yi wa simintin ɗan tudu ruwa ya riƙa gangarewa, a shafa wa wuyan turken fentin kwalta. Kuma ka je garejin da kanka ranar da za a shafa faraima, kafin fila da fentin ƙarshe su rufe komai, ka ga gwangwanin da idonka ka ɗaga shi ka ji nauyinsa.